Gobara, Ambaliya Da Girgizar Ƙasa: Musun 'Yan Kallo A Kan Fina-Finan Bala'i

Duk wanda ya taɓa zama da daddare a teburin mai shayi a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ya san yadda hira ke juyawa idan ciniki ya lafa. Za a taɓa maganar farashin buhun albasa, a taɓa ta ƙwallo, sa'an nan wani ya zaro waya daga aljihu, samari huɗu ko biyar su haɗa kai a kanta. Sau da yawa abin da suke kallo ruwa ne yana cin gari, ko dogon bene ya kama da wuta, ko jirgin sama yana rikitowa da fasinja. Irin waɗannan su ake kira fina-finan bala'i, kuma da wuya a gama kallon ɗaya ba a kaure da musu ba. Wani ya ce ƙarya ce tsagwaronta, wani ya ce ai ƙaryar ita ya biya kuɗi ya gani.

Musun kuwa ba na banza ba ne, domin kallon zamani kuɗi yake ci ta fuska biyu. Akwai kuɗin wata da ake biyan kamfanin da ke haska fim ta intanet, akwai kuma kuɗin data. Kamfanin Netflix, wanda ya fara aiki a Nijeriya cikin watan Janairu na 2016, yana karɓar Naira 1,200 a wata a kan ƙaramin tsarinsa na waya a farkon 2024, amma kafin tsakiyar 2025 ta wuce kuɗin ya kai Naira 2,500. A watan Janairu na 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarda kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. To, ga mutumin da ke sayar da tsire ko gadi ko tuƙa babur, wanda kuma ake jiran saƙonsa a gida kowane ƙarshen wata, ƙona data ta sa'a biyu a kan fim maras kan gado asara ce da ake ji a jiki.

Asalin abin

Sana'ar tsorata mutane don su biya kuɗi ba yau aka fara ta ba, amma lokacin da ta yi tashe sosai shi ne tsakanin 1970 da 1980. Fim ɗin da ya buɗe ƙofa shi ne Airport na 1970, labarin wani jirgin sama da fasinja ya shiga da bom, ga shi kuma dusar ƙanƙara ta rufe filin da zai sauka. An kashe masa kimanin dala miliyan 10, ya jawo fiye da dala miliyan 100. Da attajiran Hollywood suka ga haka sai kowa ya shiga neman nasa bala'in.

A 1972 aka fito da The Poseidon Adventure, inda igiyar ruwa ta kife wani ƙaton jirgin fasinja a daren sabuwar shekara, sama ta koma ƙasa. Wani limamin kirista, wanda Gene Hackman ya fito a matsayinsa, ya ce a hau a nufi gindin jirgin tun da shi ne yanzu a sama. Akasarin fasinja suka bi umurnin ma'aikacin jirgi suka zauna jiran taimako, ruwa ya cinye su. Mutum 6 kaɗai suka fita. A 1974 kuma aka yi Earthquake, wanda aka haɗa shi da wasu manyan lasifikoki masu rugugi, har kujerun gidan silima su riƙa rawa idan girgizar ƙasa ta tashi a majigi. A wani gidan silima na Los Angeles sai da aka ɗaura raga a sama saboda ɓarɓashin rufi da ke zubo wa 'yan kallo.

Amma wanda dattawa suka fi tunawa shi ne The Towering Inferno, shi ma na 1974, wanda Steve McQueen da Paul Newman suka fito a ciki. Bene ne mai hawa 138 a San Francisco, ana bikin buɗe shi a hawa na 135, wuta ta tashi a hawa na 81. Dalilin wutar shi ne abin lura: surukin mai ginin, wanda aka ba kwangilar wayoyin lantarki, ya sayo masu araha ya soke rarar kuɗin a aljihu. Babu mai zama a ƙasar nan da zai ce wannan labari baƙo ne gare shi. Shekara takwas bayan fitowar fim ɗin, watau cikin Janairun 1983, benen NET da ke Marina, mai hawa fiye da 30, wanda ya fi kowane tsawo a Ikko, ya kama da wuta, zargi kuma ya yi yawa a kan musabbabinta. Ran 9 ga Janairu, 1985, sai ga Cocoa House na Badun mai hawa 26 shi ma ya ƙone. Waɗanda suka ga 'yan kwana-kwana suna fama da tiyon da ruwansa bai kai ko rabin ginin ba, ba su ƙara yi wa fim ɗin kallon tatsuniya ba.

Ga Kanawa kuwa, bala'i ya riga ya shiga gidan silima da ƙafarsa tun kafin a fara sayar da shi a majigi. Ran 13 ga Mayu, 1951, wuta ta tashi a ɗakin na'ura na silimar El Duniya, inda ake ajiye faifan fim irin na da mai saurin kamawa, mutum 331 suka rasu. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauki abin ishara ce a kan shiga silima. Har yanzu akwai dattawan da ke ganin rashin ta ido ne mutum ya zauna yana cin gyaɗa yana kallon mutuwar bayin Allah, ko da ta wasa ce. Wannan ma ra'ayi ne daga cikin ra'ayoyin, kuma ba a raina shi.

Kasuwar ta mutu wajen 1980, bayan an yi ta maimaita abu ɗaya har ya gundiri mutane, aka kuma fito da Airplane! wanda ya mai da dukan salon abin dariya. Ta sake farfaɗowa bayan 1995, sa'ad da kwamfuta ta fara iya zana guguwa da igiyar ruwa kamar gaske. Daga nan ne aka samu Twister a 1996, da Titanic a 1997, wanda ya ci lambar Oscar 11, ya kuma ratsa ƙasar Hausa har aka yi masa kwaikwayo da Hausa mai suna Masoyiyata a 2003.

Masu son rugugi da masu son gaskiya

Idan aka saurari musun da kyau, za a ga 'yan kallo sun kasu gida biyu, ko da yake mutum ɗaya yakan kwana a wannan gida yau, gobe ya kwana a wancan.

Gida na farko masu son rugugi ne. Su dai a rushe birni su gani. Gwaninsu shi ne Roland Emmerich, Bajamushen da ya daskarar da New York a The Day After Tomorrow na 2004, sa'an nan ya tarwatsa duniya ɗungum a fim ɗin 2012, wanda ya fito a 2009 ya jawo fiye da dala miliyan 750. Hujjarsu ita ce, wanda ya wuni a rana a kasuwar Mile 12 bai zo ɗaukar darasi ba, ya zo ne ya huta, kuma ganin ƙasa tana tsagewa a bayan mota ba ta cim mata ba yana sa mutum ya manta da kuɗin haya na ɗan lokaci. Babu laifi a wannan. Sai dai ko a cikinsu akwai masu tsokaci a kan wani abu da ke cikin 2012: jiragen ruwan tsira da aka ƙera a asirce a ƙasar Sin, kujera ɗaya kuɗinta Yuro biliyan ɗaya ne, watau talaka ba ya cikin lissafi tun farko. Da ruwa ya janye kuma, ina attajiran suka dosa? Afirka, wadda ba a tuna da mutanenta ba sa'ad da ake rabon kujeru. Nan dariya kan ɓarke a teburin mai shayi.

Gida na biyu su ne masu tambayar ko abin zai yiwu. Tsohon musunsu shi ne na fina-finai biyu da suka fito a shekara ɗaya, 1998, a kan magana ɗaya, watau wani abu daga sararin samaniya zai faɗo wa duniya. A Armageddon an tura masu haƙar man fetur, Bruce Willis na gaba, su huda dutsen su dasa masa bom. A Deep Impact an fi mai da hankali kan yadda gwamnati za ta zaɓi waɗanda za a ɓoye a cikin kogo, da yadda iyali ke sallama da juna. Masana ilmin taurari sun fi yarda da na biyun, amma na farkon ya fi shi ciniki nesa ba kusa ba, kimanin dala miliyan 550 a kan miliyan 350. Da ranar gwaji ta zo kuwa, ba bom aka yi amfani da shi ba. A watan Satumba na 2022 hukumar NASA ta Amurka ta sa wani ƙaramin kumbo ya yi karo da wani dutse mai suna Dimorphos da gangan, don a ga ko za a iya kautar da shi daga hanyarsa, aka kuma rage lokacin zagayensa da kimanin rabin sa'a.

Masu wannan ra'ayi sun samu babbar hujja a 2020. Fim ɗin Contagion, wanda Steven Soderbergh ya yi a 2011 tare da shawarar masana cututtuka, ya nuna annoba da ta taso daga jemage ta bi jiragen sama ta game duniya, da rufe garuruwa, da wawar kaya a kantuna, da wani ɗan damfara mai tallan maganin ƙarya. A ƙarshen 2019 shi ne na 270 a jerin fina-finan kamfanin Warner da ake nema. Da cutar korona ta ɓulla sai ya koma na 2. Mutane suna kulle a ɗaka suna kallon abin da ke faruwa a waje.

Akwai wani ƙorafi kuma da ya haɗa gidajen biyu, shi ne tambayar ran wa ake ƙirgawa. Misalin da aka fi kawowa shi ne The Impossible na 2012, a kan ambaliyar teku ta ran 26 ga Disamba, 2004, wadda ta kashe kimanin mutum 230,000, akasarinsu 'yan Indonesiya da Sri Lanka da Indiya da Tailan. Fim ne mai kyau ƙwarai, mai sa hawaye, kuma labarin gaskiya ne na wani iyali 'yan Sifen. Amma an yi ta sukarsa a kan cewa 'yan ƙasar da abin ya faru a kansu sun zama 'yan rakiya, Turawa masu yawon shaƙatawa su ne masu suna da fuska. Baƙon da ke zaune a garin da ba nasa ba, wanda idan gobara ta ci kasuwa jarida kan ce "wasu 'yan kasuwa" ba tare da suna ba, ya fi kowa gane wannan ƙorafi.

Abin da ya raba mai kyau da maras kyau

Duk da wannan rarrabuwa, idan aka tambayi mutane wane fim ne ya zauna masu a rai bayan shekaru, amsoshin kan taru wuri guda. Fina-finan da ba a mantawa su ne waɗanda a cikinsu wani ya yi gargaɗi aka ƙi ji, sa'an nan da abin ya auku ƙananan mutane ne suka yi ceto, manya suna can suna neman wanda za su ɗora wa laifi. Girman igiyar ruwan ba shi ne ma'auni ba.

Masu kallon fina-finan Indiya sun san wannan tun tuni. Kaala Patthar na 1979, wanda Amitabh Bachchan da Shashi Kapoor da Shatrughan Sinha suka fito a ciki, an gina shi ne a kan hatsarin mahaƙar kwal ta Chasnala, inda ruwa ya fasa cikin rami a watan Disamba na 1975 ya kashe ma'aikata fiye da 370. A fim ɗin injiniya ya gaya wa mai mahaƙar cewa ramin ya kusa cim ma ruwa, mai mahaƙar ya dubi ribar kwal ɗin da ya rage ya ce a ci gaba da haƙa. The Burning Train na 1980 ya fi shi waƙa da ado, jirgin ƙasa ne mai gudu daga Delhi zuwa Bombay, birki ya lalace, wuta ta kama, amma shi ma hassadar ma'aikaci ɗaya ce ta jawo, fasinjoji kuma su suka taimaki juna.

Shawarar na'ura

A zamanin Pen Cinema ta Agege, wadda yanzu sunanta kaɗai ya rage a kan gada, mutum kan dubi hoton da aka manna a bango, ya tambayi wanda ya shiga jiya. Yanzu kuwa wayar ce ke ba da shawara. Da an buɗe sai ta jero hotuna ta ce ga abin da ya dace da kai. Ma'aikatan Netflix da kansu sun bayyana a 2015 cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na sa'o'in da ake kallo a wurinsu daga irin wannan shawara suke fitowa. Ke nan mutum yana ganin shi ya zaɓa, alhali tura shi aka yi.

Yadda abin ke aiki ba asiri ba ne. Kwamfutar kamfanin tana lura da abin da mutum ya kalla, da inda ya tsaya, da lokacin da yake kallo, sa'an nan ta gwama shi da waɗansu masu irin halinsa ta miƙo masa abin da suka kalla. Aikinta shi ne ta hana shi rufe waya, don ya sake biya wata mai zuwa. Ba ta san fim mai kyau ba, ta dai san wanda ake dannawa. Wanda ya kalli girgizar ƙasa sau ɗaya, sai ta yi ta jero masa girgizar ƙasa, mai kyau da tarkace duk a kwando ɗaya. In kuwa mutum biyar ke amfani da rajista ɗaya, kamar yadda aka saba a ɗakin samari, to na'urar rikicewa take yi gaba ɗaya, ta haɗa mai son Indiya da mai son dambe ta ba su abin da babu mai so.

Haka nan jerin goma na kan gaba da ake nunawa kullum, wanda aka fara a 2020. Yawan kallo yake aunawa, ba ya auna ko waɗanda suka kalla sun gode ko sun yi tsaki. Don't Look Up ya isa misali. Ya fito a ƙarshen 2021 da Leonardo DiCaprio da Jennifer Lawrence, labarin masana biyu da suka hango tauraro mai wutsiya zai halaka duniya cikin wata shida, shugabar ƙasa da 'yan jarida suka mai da su mahaukata. A mako guda an kalle shi na sa'a miliyan 152, abin da ba a taɓa yi ba a kamfanin a lokacin. Amma masu sharhin fim sun rabu kusan biyu daidai, rabi suka ce ya faɗi gaskiya a kan yadda ake wasa da maganar canjin yanayi, rabi suka ce wa'azi ne mai tsawo da ihu. Wanda ya shiga don ya ga rugugi zai jira fiye da sa'a biyu kafin ya ga ko ɗaya.

Wani abin da ke ba mutane haushi shi ne a ba ka labarin fim, ka nema ka rasa. Dalili shi ne hayar fina-finan kamfanonin ke yi, ta ƙasa-ƙasa kuma ta ɗan lokaci. Abin da ɗan'uwa ke gani a London ba lalle ne a same shi a Fatakwal ba, wanda ke nan yau kuma gobe ana iya ɗauke shi. Waɗanda suka fi zama su ne waɗanda kamfanin ya yi da kuɗinsa. Saboda haka mai hankali kan bincika ko fim ɗin da yake so yana nan kafin ya biya kuɗin wata. Game da data kuwa, lissafin Netflix shi ne hoto matsakaici na cin har gigabait 1 a sa'a, mai kyau sosai har 3, amma idan aka sa waya a kan tsarin tsimi gigabait 1 na iya kai wa sa'a 6. A fuskar waya bambancin bai taka kara ya karya ba. Da yawa kuma har yanzu sun fi gane wa masu tura fim a waya a bakin kasuwa, musamman don fassarar Hausa irin ta Algaita, wadda manyan kamfanonin ba su da ita.

Waɗanda suka ci kuɗinsu

Daga cikin na 'yan shekarun nan, wanda zai fi shiga ran mai karatu shi ne The Railway Men, shiri mai kashi 4 da Netflix ya fitar a 2023, da Kay Kay Menon da R. Madhavan. A daren 2 ga Disamba, 1984, iskar guba ta tsere daga masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a Bhopal, ta bi unguwannin talakawa suna barci. Gwamnatin jihar ta ƙirga mutum 3,787, waɗansu ƙididdigar kuma sun haura 15,000 idan aka haɗa da waɗanda suka mutu daga baya. Shirin ya tsaya ne a tashar jirgin ƙasa, inda shugaban tasha da 'yan ma'aikatansa suke ƙoƙarin tsai da jiragen da ke tahowa kada su shigo cikin gubar, su kuma fitar da wanda ke ciki. An ƙara gishiri a wasu wurare, kamar yadda Indiyawa suka saba, amma ƙashin bayan labarin gaskiya ne, har da na'urorin kariya da aka bari suka lalace don tsimin kuɗi.

Thirteen Lives na 2022, wanda ya fito ta Prime Video, labarin yara 12 'yan ƙwallo ne da mai koyar da su, waɗanda ruwa ya rufe a kogon Tham Luang na Tailan ran 23 ga Yuni, 2018, ba a gama fito da su ba sai ran 10 ga Yuli. Kowa ya san ƙarshensa, amma duk da haka zuciya na bugawa, musamman inda likita ya yarda a yi wa yaran allurar barci a jawo su ta ƙarƙashin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma gyara kuskuren The Impossible, domin ya nuna manoman da suka yarda a karkatar da ruwan dutsen ya malale gonakinsu na shinkafa don yaran su tsira. Wannan ana iya kallonsa da iyali.

Society of the Snow kuwa sai mai ƙarfin zuciya. Jirgin sama ne ɗauke da mutum 45, akasarinsu 'yan wasa daga Yurugwai da danginsu, ya faɗi a duwatsun Andes ran 13 ga Oktoba, 1972. Mutum 16 suka rayu bayan kwana 72 a cikin ƙanƙara, kuma sun rayu ne ta cin naman 'yan'uwansu da suka mutu. Fim ɗin, wanda ya hau Netflix a Janairun 2024, bai ɓoye wannan ba, bai kuma mai da shi abin kallo ba, ya nuna yadda samarin suka yi ta jayayya da imaninsu kafin su yarda. Shi ne wanda ya fi jawo doguwar muhawara, har a kan kai ga tambayar malamai hukuncin wanda lalura ta kai shi wannan matsayi. Da harshen Sifaniyanci aka yi shi, sai a bi fassarar da ke ƙasan hoto.

Mai son rugugi da hankali a haɗe sai ya nemi The Wave na ƙasar Norwe, na 2015. Dutse ne ya zame ya faɗa cikin ruwa, igiya mai tsawon mita 80 ta nufi wani ɗan gari, mutane na da minti 10 su hau tudu. Irin haka ya taɓa faruwa a Tafjord a 1934, mutum 40 suka mutu, kuma dutsen da aka yi fim ɗin a kansa yana nan ana gadinsa da na'urori. Chernobyl na kamfanin HBO, mai kashi 5, na 2019, a kan fashewar tashar nukiliya ta Tarayyar Sobiyet ran 26 ga Afrilu, 1986, ya fi su duka nuna yadda tsoron gaya wa na sama gaskiya ke kashe mutane. Shi da Don't Look Up akwai wuraren da ba su dace da yara ba, abin kula ga wanda ke zaune ɗaki ɗaya da iyalinsa. Alamar shekarun da aka yarda su kalla tana nan a gefen sunan kowane fim, ba a dai cika dubawa ba ne.

Na gida fa?

Na gida ba su da yawa, amma akwai 93 Days na 2016, wanda Steve Gukas ya shirya, kuma mazauna Ikko sun fi kowa cancantar su gan shi, domin a unguwarsu abin ya faru. Ran 20 ga Yuli, 2014, Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola, aka kai shi wani asibiti a Obalende. Dokta Stella Ameyo Adadevoh ta gane abin da ke damunsa, ta ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata. Ta kamu, ta rasu ran 19 ga Agusta. Mutum 8 suka mutu a ƙasar baki ɗaya, ran 20 ga Oktoba kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an rabu da cutar. Da an bar mutumin nan ya shiga gari mai mutum miliyoyi, Allah kaɗai ya san iyakar abin. Waɗanda suka tuna daren da aka yi ta buga waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har waɗansu suka rasa ransu ta haka, za su ga kansu a ciki.

Akwai kuma Last Flight to Abuja na Obi Emelonye, wanda haɗurran jiragen sama na 2005 da 2006 suka sa aka yi shi. A cikin haɗurran nan har da na ran 29 ga Oktoba, 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki tare da mutum fiye da 90, jim kaɗan bayan jirgin ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato. Fim ɗin ya fito a 2012, 'yan kwanaki bayan jirgin Dana ya faɗi a Iju-Ishaga da mutum 153, abin da ya sa waɗansu suka kasa kallonsa. Aikin kwamfutarsa bai kai na Turawa ba, kowa ya ga haka, amma an yaba da ƙoƙarin.

Bayan waɗannan sai a yi ta lalube. Masu shirya fim na Kano sun fi karkata ga dogon shiri mai kashi-kashi a YouTube, wanda ɗaki biyu da mota ɗaya sun ishe shi, ambaliya kuwa kuɗi take ci. Begen da aka yi cewa manyan kamfanonin waje za su zuba jari shi ma ya yi sanyi, tun da Amazon ya dakatar da ba da kwangilar sababbin fina-finai a Afirka cikin Janairun 2024. Labaran dai suna nan jibge. Akwai ambaliyar Ogunpa da ta ci Badun a 1980. Akwai fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja ran 27 ga Janairu, 2002, inda mutum fiye da 1,000 suka mutu, akasarinsu ba wuta ce ta kashe su ba, gudu suka yi cikin duhu suka faɗa magudanar ruwa ta Oke-Afa. Akwai madatsar Alau, wadda ta taɓa ɓallewa a 1994, ta sake ɓallewa a watan Satumba na 2024, ruwa ya shanye rabin Maiduguri, ya shiga gidan kurkuku da gidan namun daji, masu kwalekwale da samarin unguwa suka yi ta ɗebo mutane daga kan rufi.

Sa'an nan ga Mokwa, garin da duk direban da ke ɗauko tumatir ko shanu daga Arewa ya sani, domin ta nan hanya ta bi. Da asubahin ran 29 ga Mayu, 2025, ruwa ya sauko wa unguwannin garin mutane na barci. A 'yan kwanakin farko aka ƙirga gawa fiye da 150, waɗansu da yawa kuma ba a gan su ba. Hotunan da mazauna Kudu suka gani na wannan rana, waɗanda aka yi ta turawa daga waya zuwa waya a Agege da Sabo ana neman fuskar ɗan'uwa, mutanen garin ne suka ɗauka da hannunsu.